Sulhu Da Diyya A Ƙasar Gusau, Da Da Yanzu

Ran 8 ga watan Fabrairu, 2021, aka shigo da wani mutum Gidan Gwamnati na Gusau, ana ce masa Auwalu Daudawa, tare da waɗansu yaransa. Wata biyu kafin ran nan shi ya ja waɗanda suka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara ta ƙasar Katsina, yara fiye da 300 cikin dare guda, aka yi kwana shida ana nema kafin a sako su ta wajen Tsafe. Ya ajiye bindigogi kimanin 20 gaban manya, aka kawo Alƙur'ani ya dafa, ya rantse ya bar fashi har abada. Aka ce an yi sulhu, an yafe masa. Ba a cika wata uku ba ya koma daji, kuma a ƙarshen watan Afrilu waɗansu 'yan bindiga irinsa suka harbe shi cikin faɗa a kan shanu.

Ni aikina na ofis ne, rubuta takardu da ajiye su. Saboda haka in an ce mini an yi sulhu, abin da na kan fara tambaya shi ne, tsakanin wa da wa? Me aka biya, wa kuma ya karɓa? Ba ni na ƙago waɗannan tambayoyi ba. Su ne muhuti ya kan cika cikin littafin shari'a tun zamanin kakanninmu, kuma in mai karatu ya bi ni a hankali zai ga yadda aka yi amsarsu ta yi ta sakewa a ƙasar nan.

Mu fara da ƙaramin abu wanda duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Daga Tsafe zuwa Gusau, har Kwatarkwashi da Bungudu, ƙasa ce ta manomi da makiyayi tun da daɗewa. Manomi na son taki da nono, Bafillace na son hatsi da karan gona, amma ba damina da za ta wuce ba a sami garken da ya kauce daga burtali ya faɗa gonar wani ba. In haka ta faru mai gona ya kan tafi wurin mai gari, mai gari ya aika wa arɗo, arɗo ya zo da mai shanu. Sa'an nan a ɗebi dattawa biyu ko uku waɗanda suka san noma, su taka har gonar, su dubi sawu, su ƙiyasta dami nawa wurin zai bayar da an bar shi ya nuna. In sun ce goma, sai a juya wajen mai gona a roƙe shi rangwame, domin gobe ma maƙwabcinsa ne, kuma matarsa za ta sayi nono wurin matar wancan. Ya kan bar uku ko huɗu, wani ma ya bar duka saboda Allah. Abin da ya rage mai shanu ya biya, ko kuwa arɗo ya tsaya masa har ran kasuwa. A yi fatiha, a watse. Malamai ma ba su bar wannan ba, domin cikin Risala, wadda kowane almajirin ilmi ya ke karantawa, an bayyana cewa ɓarnar da dabbobi suka yi da dare tana wuyan masu su.

Ka lura da wannan zama da kyau. Mai laifi ya zo da ƙafarsa, ya amsa gaban mutanen da ya ke jin kunya. Mai haƙƙi yana zaune, da bakinsa ya faɗi abin da aka yi masa, a hannunsa kuma aka zuba abin da aka biya. Mai gari bai yafe ko zangarniya ɗaya ba, don ba gonarsa aka ci ba. Roƙo kaɗai ya yi.

To, abin da zai ba wanda bai yi karatu ba mamaki shi ne, ko jini ma a kan wannan hanya shari'a ta ɗora shi. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu su ke bi, in mutum ya kashe wani da gangan, maganar tana hannun waliyyan mamaci, watau 'ya'yansa da 'yan uwansa maza na kusa. In sun so su nemi ƙisasi, in sun so su yafe, in kuwa sun so su daidaita da mai kisan a kan dukiya, ya biya daga aljihunsa. In kisan na kuskure ne, ba ƙisasi, sai diyya, raƙumi 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ba shi kaɗai zai biya ba, danginsa na wajen uba za su haɗa, a kasa musu cikin shekara uku, shi kuma ya yi azumin wata biyu a jere. Hikimar sa dangi ciki a fili ta ke, domin gidan da ya san za a zo kansa ba ya barin ɗansa ya yi ta yawo da makami. Har wa yau, wanda aka yafe wa kisan ganganci ba ya tafiya haka nan, Malikiyya sun ce a yi masa bulala 100, a ɗaure shi shekara guda. Wannan rabon jama'a ne, don ita ma an tsorata ta. Ɓarawo kuwa, in mai kaya ya yafe masa tun magana ba ta kai gaban alƙali ba, ta mutu a nan. In ta kai, ba sauran ceto.

Kada a ɗauka kowane kuɗi da aka karɓa hannun mai laifi diyya ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, cikin Kitabul Farƙi ya lissafta abubuwan da ya ke sukar sarakunan Haɓe da su, kuma a cikinsu akwai karɓe dukiyar mai laifi a madadin hukuncin da shari'a ta aza. Dukiyar nan fada ta ke shiga, wanda aka zalunta ya koma gida hannu wofi. Ita ce mu ke kira tara. Mutane da yawa su kan gama tara da diyya wuri ɗaya, ga shi kuwa ba ƙofa ɗaya su ke shiga ba. A zamanin nan ne, wajen 1806, Muhammadu Bello ya sauka kusa da 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke ƙasar Tsafe, ya aika su fito a zauna a yi magana, suka ƙi, aka ci garin. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ke cikin jama'ar Shehu a wannan yanki, shi ya kafa Gusau. Ka riƙe sunan 'Yandoto, za mu komo kansa.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, sai suka bar alƙalai a kan buzayensu, suka hana yanke hannu, suka ce ɗauri ya tsaya a madadinsa. Gusau da Tsafe da Bungudu duk suka zama gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Ƙananan shari'u alƙalin gari ke yi, maganar rai kuwa sai an kai Sakkwato, kuma ba a zartar da kisa sai Gwamna ya sa hannu. Daga nan gidan yari ya fara cika, fursuna ya zama mai sharar titi da ɗebo ruwa. Wanda aka sace wa jaki ya kan ga ɓarawonsa yana yi wa En'e aiki wata shida, amma jakin bai komo ba. Abin da ya fi tsaya wa Turawa a rai shi ne maganar waliyyan jini. A dokarsu kisa laifi ne ga Sarkin Ingila, ba wanda ya isa ya yafe sai shi. Suna ganin mutum biyu sun yi laifi iri ɗaya, an rataye guda, guda ya sha bulala 100 ya fita bayan shekara don dangi sun yafe, sai abin ya zama musu kamar ba ƙa'ida.

Da mulkin kai ya matso, cikin 1958, Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana su duba al'amarin. Shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat ne, Babban Jojin Sudan, akwai kuma wani joji daga Pakistan, da Baturen nan Anderson na Landan, da Shettima Kashim na Barno. A kan shawararsu aka rubuta dokar nan da mu ke kira Final Kod, wadda ta fara aiki cikin 1960. Ita ta ɗauke maganar jini daga hannun dangi ta mayar wa hukuma. An dai bar musu 'yar ƙofa, watau in an yanke wa mutum hukuncin kisa a tambayi dangin mamaci abin da su ke so, a rubuta, a aika wa masu ba Gwamna shawarar yin afuwa. Da can su ke yanke magana, yanzu sun koma masu ba da shawara. Cikin 1968 kotunan En'e suka koma hannun gwamnatin jiha, gidajen yari suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, kuma a 1976 En'e kanta ta kau, aka yi ƙananan hukumomi.

An yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996. Ran 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya tara jama'a a Gusau ya yi shelar komawa ga shari'a, dokar kuma ta fara aiki cikin Janairu, 2000. A cikinta an mayar da ƙisasi da diyya da ikon waliyyai na yafewa. Amma abin da ya cika duniya shi ne hannun wani mutumin Jangebe da aka yanke cikin Maris na shekarar nan saboda satar saniya. Babin diyya, wanda ya fi kowane babi amfani ga talaka, ba a yi masa ganga ba.

Ana nan ana ta wannan a birni, ƙaramin zaman nan na gindin bishiya yana mutuwa a ƙauye. Mutane sun yi yawa, an nome burtali, an raba dazuzzukan kiwo gonaki. In shanu sun yi ɓarnar dami biyar, sai magana ta wuce mai gari da arɗo ta faɗa hannun masu ɗamara, a tsare makiyayi har ya sayar da sa biyu ya fanshi kansa, mai gona kuwa ko damin nasa bai gani ba. Tarar da Shehu ya soka ta komo da sabuwar riga. Makiyayi ya daina zuwa in an kira shi, manomi ya daina kai ƙara. Ɓarayin shanu suka sami bindigogi, suka fara da Fulani 'yan uwansu, suka bar samari da yawa ba ko saniya ɗaya, waɗansu daga cikin samarin nan suka bi su. Mutanen gari suka kafa 'yan sa-kai, su kuma suka shiga kashe Bafillace a tsakiyar kasuwa ba tambaya, mai laifi da marar laifi. Cikin Yuni, 2013, aka faɗa wa Kizara ta ƙasar Tsafe da asuba aka kashe mutum 48. Cikin Afrilu, 2014, aka kashe fiye da 100 a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru. Daga nan kowane ɓangare yana da gawarwakin da ya ke ƙirgawa, ba kuwa wanda aka biya wa diyyar ko ɗaya.

Sulhun farko na gwamnati an yi shi a ƙarshen 2016, zamanin Gwamna Abdul'aziz Yari, mataimakinsa Malam Ibrahim Wakkala ne ya shiga tsakani. Babban wanda aka yi da shi Buharin Daji ne. Aka karɓi bindigogi, aka ɗan sami barci, sa'an nan abin ya warware, har cikin Maris, 2018, wani na kusa da shi, Dogo Giɗe, ya kashe shi, aka kawo gawarsa Gusau. Da Gwamna Bello Matawalle ya hau cikin Mayu, 2019, ya sake buɗe ƙofar. In za a faɗi gaskiya, an ga amfani da farko. An sako ɗaruruwan mutane daga daji, an sako Fulanin da ke tsare, an hana 'yan sa-kai yawo da makamai, matan Fulani sun komo kasuwa da ƙoren nono. Wanda aka sako wa ɗansa a watannin nan ba za ka gaya masa sulhu banza ne ya saurare ka ba, ni ma ba zan gaya masa ba. Cikin Yuli, 2020, gwamnati ta ce duk wanda ya kawo bindiga ƙirar AK-47 za a ba shi saniya biyu.

Amma ga wani lissafi da ya fito a daidai lokacin. Gwamnan ya naɗa kwamiti ƙarƙashin M. D. Abubakar, mutumin Gusau, tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, suka kawo rahoto cikin Oktoba, 2019. Suka ce daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319, an bar mata 4,983 cikin takaba, yara 25,050 sun zama marayu, an kuma biya fiye da naira biliyan 3 kuɗin fansa. To, waɗannan su ne waliyyan jini. A wuraren da aka yi bikin tuba an jera bindigogi a ƙasa an ƙirga, an ɗauki hoto, amma ba a kira su aka tambaye su ko sun yafe ba. Shanun da aka yi alkawari ma, wajen mai bindiga suka nufa.

Malamanmu ba su bar wannan mas'ala a duhu ba. Fashi da makami shi a ke kira hiraba, kuma ayar da ke cikin Suratul Ma'ida ta ware wanda ya tuba tun ba a kama shi ba. Abin da Malikiyya suka fahimta shi ne, tubar nan tana kayar da haddin fashi, watau rabon Allah wanda Sarki ke tsayarwa, amma ba ta kayar da haƙƙin mutane. Dukiyar da ya ƙwace sai ya mayar. Ran da ya kashe kuwa, magana ta koma ga waliyyai, su nemi ƙisasi ko su yafe. Ashe Gwamna yana da abin da zai iya yafewa, yana kuma da abin da ba nasa ba ne. A ganina nan ne aka yi tuntuɓe, aka haɗa biyun aka bayar kyauta. Mutumin da bai tsaya gaban matar da ya kashe wa miji ba, bai mayar da ko akuya ba, me ya fita daga jikinsa da zai sa ya ji ciwon warware rantsuwa? Kwana 18 bayan rantsuwar Daudawa, ran 26 ga Fabrairu, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Cikin Satumba, 2021, aka rufe kasuwannin mako, aka yanke layukan waya a jihar, Gwamna ya ce ba sauran afuwa. A watan nan ne kuma aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi fiye da wata guda a hannunsu.

Na ce za mu komo 'Yandoto. Cikin Yuli, 2022, Sarkin 'Yandoton Daji, Alhaji Aliyu Marafa, ya naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani. Shi Ado kuwa tun 2020 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya nuna inda ya ke, saboda kisan da aka yi a Kadisau. Fadar ta ce an yi haka ne don mutane su sami zuwa gona. Ƙasa ta ɗauki surutu, gwamnatin jiha ta dakatar da Sarkin. Ban ga dalilin yi wa mutanen Tsafe dariya ba, domin wanda wuta ke ci a ɗakinsa ba ya zaɓen ruwa. Sai dai rawanin arɗo, a tsohon tsari, a kan ba wanda zai kamo mai ɓarna ya kawo shi gaban mai gari. Ran nan an ba wanda a ke nema ne.

Mai karatu zai ce, wa zai iya zaunar da mai bindiga 100 a gindin bishiya? Tambayar tana da nauyi. Zaman da ya yi aiki don mai gari da arɗo sun fi mai laifi ƙarfi, kuma yana da shanu da dangi da za a riƙe. Ko a Ruwanda, inda aka yi kisan ƙare dangi cikin 1994, sai da gwamnati ta karɓe makamai ta tsare masu laifi tukuna ta kafa kotunan ƙauye da su ke kira Gacaca, waɗanda suka yi aiki daga 2002 zuwa 2012, suka duba shari'u kusan miliyan 2. Mai laifi ya kan tsaya gaban mutanen garinsu ya faɗi wanda ya kashe da inda ya binne shi, a rage masa ɗauri, ya yi sauran da aikin gayya. Mafi yawan shari'un ma na dukiya ne, saniya da kwanon rufi da aka kwashe, aka ce a mayar. An sami ƙarya da son kai a ciki, kamar kowace shari'ar ɗan Adam, amma mai haƙƙi yana wurin. Turawa su ma sun waiwayo. A Kanada cikin 1974 wani alƙali ya sa aka bi da samari biyu ƙofa ƙofa wurin mutum 22 da suka yi wa ɓarna, suka ji abin da suka jawo, suka biya, kuma daga nan hanyar ta bazu ƙasashe da yawa. Dokar Nijeriya ta 2019, wadda ta sake wa gidan yari suna ya koma gidan gyaran hali, ita ma ta buɗe ƙofar zaunar da mai laifi da wanda ya cuta. In za a yi irin wannan zama a Zamfara, Bafillacen da 'yan sa-kai suka kashe wa uba a kasuwa shi ma waliyyin jini ne, tabarmarsa ɗaya da ta matar Kizara.

Gwamna Dauda Lawal, da ya hau cikin 2023, ya ce shi ba zai yi sulhu da 'yan bindiga ba, kuma cikin Janairu, 2024, ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. A shekarun nan dai ƙauyuka da yawa na nesa da titi, a ƙasar Tsafe da sauran wurare, sun yi ta ƙulla nasu da bakinsu, don ba su da wata dabara, suna kuma kiransa sulhu. 'Yan daji su kan aiko da yawan kuɗin da su ke so kafin a yi shuka, su sake aikowa in amfani ya nuna. Sai mai gari ya bi gida gida ya tara, kamar yadda a ke tara haraji da, a ba dattawa biyu ko uku su kai daji, kāna a sami izinin yanke gero.